Matar Mai Keke

Duk wanda ya taɓa noman rani tsakanin Bakura da Maradun, in bai san Labaran da suna ba, to ya san bayansa: mutum dogo, siriri, a duƙe kan injin ban-ruwa, hula ta koma ƙeya, ya kara kunne kamar mai sauraren gulma. Mutumin Ruwan Gizo ne. Can aka haife shi, can ya yi aure, kuma in ka je yau za ka same shi a zauren da ubansa ya gina, sai dai ya rage magana.

Ba wanda ya koya masa gyara. Wata shekara injin ubansa ya mutu albasa tana tsakiyar neman ruwa, sai Labaran ya kwance shi kaf, ya baza a kan tabarma, ya kwana uku yana haɗawa. Inji ya tashi. Tun daga ranar manoma ba su bar shi ya huta ba. Yakan ce inji ba ya ƙarya, in yana ciwo zai faɗa, mutane ne ba sa saurare.

Shekara talatin da ɗaya yana wannan yawo a kan baƙin keke ɗaya, da akwatin ƙarfe na kayan aiki ɗaure a baya. Akwatin nan ba ya sauka sai ranar da zai kai matarsa Hindatu ganin gida. Ranar sai ya kwance shi, ya naɗe buhu biyu ya shimfiɗa mata a kan kariyar bayan keken, ta hau a karkace, ƙullin tsaraba a cinya.

Hindatu 'yar Birnin Tudu ce, ta ƙasar Bakura. Gajeruwa, mai saurin dariya, kuma hannunta yana da albarkar kiwo. Rago in ya shiga gidanta da ƙashi a waje, wata huɗu sai ka rantse ba shi ba ne. A bakin garinsu akwai wata tsamiya, a ƙarƙashinta kuma akwai Dikko, yana tufka igiya tun safe har la'asar. Dikko taubashinta ne, ɗan kawunta. Kun san yadda taubasai suke: abin da ya zo bakinsa shi zai faɗa mata, ita ma haka, kuma ba wanda ke da ikon fushi. Kowanne yana kiran ɗan'uwansa bawansa.

Da Dikko ya hango su sai ya ajiye igiya, ya ɗaga babban yatsa yana kaɗa ƙararrawar da babu ita.

“Kiring-kiring. Ku ba da hanya, ga matar mai keke nan tahe. Hindatu, har yau da sauran ƙugu gare ki?”

“Taso, bawana, ka amshi kayan uwargijiyarka.”

“Ni? Ran da kinka shigo garin ga bisa mashin na mijinki, ba na haya ba, ba na aro ba, ni Dikko zan aza kayanki bisa kaina, in wuce gaba, har ƙofar gidanku. Kowa shi shaida.”

Masu zama a gindin tsamiya su ce sun shaida, a yi dariya, Labaran ya yi murmushi ya ci gaba da taka feda. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Shi Labaran wasa ya ɗauke ta. Ita ashe ta riƙe.

Bara waccan, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, ta sa aka fitar da ragunanta huɗu kasuwa, har da farin nan da take ba tuwo da hannu. Da yamma ta ajiye wa Labaran ƙulli a gabansa, ta ce, “Malam, haɗa da naka ka sawo mashin. Gwiwoyinka sun gaji, ina jin su in ka tashi salla. Kuma ina da bawa a Birnin Tudu da bai taɓa yi mini aiki ba.”

Ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, Labaran ya je shagon wani Alhaji mai sayar da babura. Ya zaɓi ja, sabo dal, kujera a leda. Alhajin yana da waya a kunne, yana ciniki da wani a Gusau, ya ɗan janye ta ya ce da Labaran, “Kafin sabis na farko kada ka ɗauki kowa, kada ka aza kaya. Kada mita ta wuce ɗari biyar. Kuma kada wani shi taɓa shi sai makanikenmu. In ka saɓa, babu garanti.” Ya mayar da waya kunne.

Akawun shagon, wani Iliya, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a Mafara har Hausarsa ta koma ta nan, shi ya zaunar da Labaran ya yi masa bayani. Garanti shi ne alkawarin kamfani cewa in inji ya ba da matsala cikin shekara guda, su za su gyara. Mita kuma ita ce agogon da ke ƙirga nisan tafiyar da mashin ya yi. Ya miƙa masa wani kati mai gidaje huɗu, ya ce duk sabis ɗin da aka yi za a buga hatimi a gida ɗaya. Labaran ba ya karanta Turanci. Ya karɓi katin da hannu biyu, ya sa a leda, ya sa a aljihun gaba.

Da ya iso gida Hindatu ta zagaya mashin sau biyu, ta shafa kujerar ta kan leda, ta tattare zani za ta hau.

“Dakata, Hindatu. Sai an yi mai sabis.”

“Nan da bakin rijiya ɗai, Malam.”

“Sun ce ko mutum guda. Mako uku ne, ki yi haƙuri. Ragunanki ne wanga abu, ba ni son in ɓata su.”

Ta sauke ƙafa, ta ce to. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohon zaninta ta lulluɓe shi.

Damina ce, aikin inji ya yi sauƙi, amma Labaran ya dinga ƙirƙiro wa kansa tafiya don mita ta yi saurin cika. Yau ya je Maradun gaida wani manomi da bai yi ciwo ba, gobe ya je Garbadu duba injin da ke lafiya lau. A hankali yake tafiya, shi kaɗai, kujerar baya tana ƙyalli. Mako uku cif, ya nufi Mafara. Ita kuwa tun daren jiya ta ɗaure tsarabarta: daddawa, busasshiyar kuɓewa, ƙuli-ƙuli, da turmin atamfa na matar yayanta.

Iliya ya tarbe shi da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi shuka, kana ya sosa kai. Makaniken kamfani daga Gusau yake zuwa, kuma wannan makon bai zo ba, an ce hanya ba lafiya. Ya ce Labaran ya dawo Talata mai zuwa.

Da Labaran ya koma gida ya tsuguna ya duba mita. Abin da ya rage kafin ɗari biyar zai kai shi Mafara sau ɗaya ne kacal, da ɗan ƙiris a kai. Ya tura mashin cikin zaure, ya kafe shi, ya mayar da zanin. Ya jawo tsohon keke daga inda aka jingine shi, ya busa masa iska.

To, daga nan ne mutanen Ruwan Gizo suka samu abin kallo. Duk Talata sai a ga mai sabon mashin ya fito a kan keke, kati a aljihu, yana taka feda zuwa Mafara don ya tambayi ko makanike ya zo.

Talata ta biyu makanike bai zo ba. Ta uku aka ce ya zo ranar Alhamis ba sanarwa, ya yi wa mutum shida, ya juya. Labaran ya ba Iliya lambar wayarsa, ya roƙe shi in ya sake zuwa ko wace rana ce a kira shi. Ya kuma ce, “Malam Iliya, rubuta mini a bayan katin ga cewa na zo yau. Kada gobe a ce ni ne na makara.” Iliya ya ce wannan dabara ce, ya rubuta kwanan wata ya sa hannu, har ya ƙara na makonni biyun da suka wuce. Ta huɗu baƙin mai na kamfani ya ƙare, ana jiran mota. Ta biyar mai ya zo, amma hatimi yana cikin jakar Alhaji, Alhaji kuma ya yi tafiya.

Kowane mako Hindatu takan kwance ƙullin tsaraba, ta rabar da ƙuli-ƙulin da ya fara sanyi ga yaran maƙwabta, ta soya sabo, ta sake ɗaurewa.

Wata la'asar Hindatu ta same shi a zaure yana goge mashin da tsumma. Ta zauna a dakali, tana mayar da numfashi kamar wadda ta ɗebo ruwa daga nesa, alhali daga madafa ta fito.

“Malam, in tambaye ka. Mi ne ne sabis ɗin nan?”

“Juye ne. A zubar da baƙin mai, a sa sabo. A ɗaure sarƙa, a duba filogi.”

“Kai da kake feɗe inji kamar mahauci, wanga ne ka kasa?”

“Ba kasawa ba ce. Takarda ta hana.”

“To zare wayar mita mana, kamar yadda yaran kabu-kabu ke yi. Mu tahi mu dawo, wa ya sani?”

“Allah ya sani, Hindatu. In sun tambaye ni, mi zan ce?”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. “Na auri mai keke, ashe kuma liman ne.”

A nan ne ya lura ƙafafunta sun kumbura, silifas ya yi mata shaida a fata. Ya tambaya, ta ce zaman kiwo ne da sanyin damina, kowace shekara haka take yi. Ya sayo mata magani a kemis. Ya ce su tafi Birnin Tudu a motar kasuwa in ganin gida take so, ta ce ba ta shiga garin nan a motar kasuwa Dikko ya samu abin faɗa na shekara goma. Ya ce to asibiti fa. Ta ce in an yi sabis, sai su biya ta asibitin a kan hanyarsu, ta sauka daga mashin kamar matar ma'aikaci.

Ba zan ɓoye muku ba, Labaran ya san inji. Ya san mace mai nauyin Hindatu, a tafiyar hankali, ba abin da za ta yi wa sabon mashin. Amma duk lokacin da ya kai hannu ga makulli sai ya tuna farin ragon nan da take ba tuwo da hannu, ya ce a ransa in wani abu ya samu injin aka ce babu garanti, da wane ido zai dube ta. Mutumin da ke jin ciwon inji tun daga bakin gona, ga numfashin matarsa yana canzawa a ɗaki ɗaya da shi, ya ce Talata mai zuwa.

Talata ta shida aka ce makanike yana wajen bikin ƙaninsa. Ta bakwai Iliya bai iya haɗa ido da shi ba. Ya rubuta kwanan wata a ƙasan sauran, wurin ya kusa cika, ya ce, “Baba, wallahi kunya nake ji.” Labaran ya ce ba komai, ba laifinsa ba ne.

Ranar Alhamis da hantsi, an kwana ana ruwa, Hindatu tana zuba wa wani ɗan rago dusa sai ta durƙushe a bakin turke. Maƙwabciyarsu Taibatu ce ta gani ta kan katanga, ta yi kira. Ba ranar kasuwa ba ce, babu mota a garin. Labaran ya shiga zaure. Ga keke a jingine, ga mashin a lulluɓe. Ya yaye zanin.

Suka ɗora ta, sai ta dinga zamewa a kan leda. Ya sa hannu ya farke ledar, ya yar. Taibatu ta hau can baya ta rungume ta, Hindatu a tsakiya, kuncinta a bayansa. Suka kama hanya cikin laka.

Sun yi nisa kaɗan ya ji bakinta yana motsi a jikin rigarsa. Ya rage gudu.

“Ashe haka yake da laushi,” in ji ta.

“Yi shiru, mun kusa.”

“Yi sannu, Malam. Kada injin shi ji ciwo.”

Har yau bai san ko tsokana ce ko da gaske take ba. Da suka hango gidajen Mafara ta sake magana, a hankali ƙwarai. “In ka tahi Birnin Tudu, ka gaya ma bawana na hau.”

“Ke za ki gaya mai da bakinki.”

Ya ƙara wuta, suka nufi asibiti.

Ma'aikatan asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu. Likita ya ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana fama. Kwana uku ta yi, ranar Lahadi bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. Aka kawo ta Ruwan Gizo a mota, aka yi mata sutura kafin magariba. Mashin kuwa aka bar shi a gidan wani ɗan'uwa a Mafara, ba wanda ya tuna da shi. Dikko ya zo zaman makoki tare da mutanen Birnin Tudu, ya zauna can gefe, ya yi addu'a ya shafa. Gaisuwa kaɗai ta haɗa shi da Labaran.

Washegarin sadakar bakwai wayar Labaran ta yi ƙara. Iliya ne, murya cike da murna. Makanike ya zo, ga mai, ga hatimi, ya yi maza.

Mutane sun zaci ba zai je ba. Ya je. Ya ɗauko mashin daga gidan ɗan'uwan, lakar ranar Alhamis ta bushe a jikinsa, ya kai shagon. Makaniken, wani mai ƙiba da ake kira Malami, ya duba mita ya yi fito.

“Ɗari huɗu da casa'in da takwas. Iliya, zo ka gani. Baba, da ma'auni kake tahiya?”

Iliya ya ce, “Ai duk cikin waɗanda suka sayi mashin a shagon nan, Baba ne kaɗai ya kiyaye doka. Garantinsa ko ƙwarzane babu.”

Labaran ya tsuguna yana kallo. Malami ya kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye a kwano, ya ɗaure, ya zuba sabo. Ya ja sarƙa, ya goge filogi, ya tayar da inji ya saurara. Ko rabin awa ba a yi ba. Babu abu ɗaya a ciki da Labaran ba zai yi ido rufe ba.

“Malam Malami,” in ji shi, “da a ce na ɗauki mutum guda a baya kafin yau, da mi zai faru?”

“Mutum guda? Ba komai. In dai ba gudu.”

“Alhaji ya ce kada in ɗauki kowa.”

Malami ya yi dariya yana goge hannu. “Haka yake ce ma kowa, don yaran kabu-kabu, masu aza buhu huɗu da mutum biyu tun ranar farko. Ba irinku ba. Ita ma mitar, ko ɗari shida ta kai muna amsa, balle ga shaida kun zo ba ku same ni ba.” Ya juya katin, ya ga layin kwanakin. “Kai, Talata bakwai. Baba, ka yi haƙuri. Yanzu sai ka ɗauki Hajiya ku sha iska.”

Labaran ya ce, “Ta rasu. Yau kwana takwas.”

Malami ya cire hula ya mayar, ya ce Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta. Iliya ya tsaya da hatimi a hannu, yana duban rubutunsa a bayan katin, layi bakwai. Labaran ne ya ce masa, “Buga, Malam Iliya. Saboda shi munka jira.” Ya buga. Hatimin ya fita a karkace.

Ƙullin tsaraba yana nan a kan randa inda ta bar shi. Da safe Labaran ya ɗauke shi bai kwance ba, ya ɗaure a kujerar baya, ya nufi Birnin Tudu.

Dikko yana gindin tsamiya, igiya a tsakanin yatsun ƙafa. Ya hango jan mashin, ya gane mai shi. Babban yatsansa ya ɗaga da kansa, don sabo, kana ya sauke hannun a cinya. Labaran ya tsaya a gabansa. Suka gaisa, gaisuwa cikakkiya, da gida, da haƙuri, da ruwa, da mutanen Ruwan Gizo. Masu zama suka yi masa ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya.

“Saƙo na kawo maka,” in ji Labaran. “Ta ce in gaya ma bawanta ta hau.”

Dikko ya dubi kujerar baya. “Ta hau?”

“Sau ɗaya. Ran da munka kai ta asibiti.”

“Mi ta ce?”

“Ta ce da laushi.”

Sai Dikko ya naɗe igiyarsa ya ajiye, ya miƙe, dattijo ne shi ma yanzu, gwiwa tana ƙara. Ya kwance ƙullin daga kujera. Wani daga cikin masu zama ya ce, “Dikko, ai ba ta shigo garin ba.” Dikko ya ce, “Ba kai na yi ma alkawari ba.” Ya cire hula ya sa a aljihu, ya aza ƙullin a kansa, ya wuce gaba.

Haka suka ratsa Birnin Tudu. Dikko a gaba da kaya a ka, Labaran a baya a kan mashin, yana jan ƙafa a ƙasa don kada ya wuce shi. Mata suna leƙowa ta ƙofar gida. Waɗanda suka san maganar suka koma ciki da mayafi a fuska, waɗanda ba su sani ba suka yi ta tambaya. In sun iske mutane a hanya sai Dikko ya ce, “Ku ba da hanya,” muryar ba ta fita sosai, amma ana ba su.

A ƙofar gidan su Hindatu ya durƙusa, ya sauke ƙullin a hankali a kan dakali, ya gyara masa zama. Warin daddawa ya taso.

“Ga kayanki nan, uwargijiyata,” in ji shi. “Na kawo.”

Labaran ya kashe injin.